Nardo ko Daytona: yadda za ka zaɓi ɗaya cikin ruwan toka biyu na Audi

A takardun mota abu ɗaya za a rubuta wa dukansu: ruwan toka. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin Audi RS 7 mai launin Nardo da wata mai launin Daytona ya san ba abu ɗaya yake kallo ba. Ta farko kamar daɓen siminti ce da aka shafe ya bushe, sai dai tana sheƙi. Ta biyu kuwa kamar ƙarfe ce da aka goge, duk inda rana ta juya sai ta sauya fuska. Sai ka ga mutum ya gama shawara kan inji da kujeru da wili cikin yini ɗaya, amma launi ya hana shi barci mako biyu. Ba na ganin laifinsa. Inji sai an taka ake jin sa, launi kuwa shi ke fara yi maka sallama kowace safiya, kuma idan ka yi da na sani, shi ya fi komai wahalar canzawa.

Na ɗauki waɗannan biyun ne saboda a kansu masu motocin RS, jerin motocin Audi masu ƙarfin inji da gudu, suka fi yin gardama, wato masu RS 5 da RS 6 da RS 7 da TT RS. Wanda ke rabon ido tsakanin Chalk da Agate, ruwan toka biyu na Porsche, ma hanyar da zai bi ke nan.

Mataki na farko: san abin da ke cikin fentin

Yawancin mutane suna ɗauka zaɓin tsakanin toka mai haske ne da toka mai duhu. Wannan rabin labarin ne kawai. Babban bambancin yana cikin abin da aka dama fentin da shi.

Fentin da masana'anta ke yi wa mota hawa-hawa ne. Ana fara tsoma gangar jikin a ruwan da ke hana tsatsa, a fesa fentin shimfiɗa, sannan a fesa launin kansa, a ƙarshe a rufe da wani hawa marar launi wanda shi ke ba da sheƙi. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kaurin gashin kai ɗaya ko biyu. A cikin hawan launin ne Nardo da Daytona suka rabu.

Nardo, mai lambar fenti LY7C, launi ne zalla. Babu wani ƙyalƙyali a cikinsa. Ta duk inda ka kalle shi, abu ɗaya za ka gani. Daytona, mai lamba LZ7S, an zuba masa ƙananan ɓarɓashi masu ɗaukar ido, irin na fentin da ake dangantawa da lu'ulu'u. Ɓarɓashin nan kwance suke a cikin fentin kamar ƙananan madubai, saboda haka inda haske ya faɗa kai tsaye sai wurin ya yi fari-fari, inda jikin motar ya lanƙwashe kuma sai ya koma kusan baƙi. Shi ya sa Daytona ke fito da ƙirar mota: kumburin kafaɗar RS 6 a saman tayoyin baya, da layukan da ke kan bonet, duk sai sun fi fitowa. Nardo akasin haka yake yi. Yana daidaita jikin ya zama kamar dunƙule ɗaya, sai baƙaƙen sassa, irin su ragar gaba da ramukan shan iska da gilasai, su yi tsalle su fito.

Sunayen ma da labarinsu. Nardo gari ne a kudancin Italiya, a yankin Puliya, inda kamfanin Fiat ya gina wata hanyar gwajin motoci a 1975, zagayayya kamar faifai, mai tsawon kimanin kilomita 12 da rabi. Porsche ta saye ta a 2012. Daytona kuwa filin tsere ne a jihar Fulorida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1959, inda ake tseren awa 24. Launin Nardo ya yi suna ne daga 2013 tare da RS 7 ta farko, kuma daga nan ne sauran kamfanoni suka bi sahu da nasu tokar marar ƙyalƙyali.

Mataki na biyu: ajiye wayar

Kada ka yanke hukunci da hoton waya ko shafin haɗa mota na kamfanin. Ruwan toka ya fi kowane launi yaudara a hoto, domin kyamara ita ke yanke wa kanta abin da za ta ɗauka a matsayin fari, sai ta karkatar da tokar zuwa shuɗi ko ruwan ƙasa. Masu tallata mota kuma sai sun ƙara wa hoton gishiri. Daytona ce ta fi cutuwa, saboda ƙyalƙyalinta ba ya fitowa a hoton da ba ya motsi. Nardo kuwa hoto na yi mata gata, kuma da dama daga cikin masu son ta a waya suka fara son ta. Gani ya kori ji, amma ganin waya bai kai gani ba.

Mataki na uku: kalle su a waje, sau uku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke yin kasala.

Fitilun shagon dillali an tsara su ne don kowace mota ta yi kyau. Ka roƙi a fito maka da motar waje. Idan babu mai launin da kake so a irin samfurin da za ka saya, nemi wata Audi mai lambar fenti iri ɗaya, ko da ƙaramar RS 3 ce. Idan ita ma babu, nemi samfurin fenti da aka fesa a kan ƙarfe mai lanƙwasa. Ɗan katin da bai wuce tafin hannu ba ba zai nuna maka komai game da Daytona ba, tunda lanƙwasa ce ke sa ta magana.

Kallo na farko da tsakar rana, lokacin da rana ke tsakiyar ka. A nan Daytona take kan ganiyarta: matsa kusa ka ga ɓarɓashin na walƙiya, ja da baya taku goma ka ga yadda rufi da bonet suka yi haske, ƙofofi suka yi duhu. Nardo a wannan lokacin tana yin haske fiye da yadda kake zato, har takan yi kamar ta koɗe. A wurin da rana ke da ƙarfi irin ta Sakkwato ko Yamai, Nardo ɗin da ka gani a hoton da aka ɗauka a Jamus ƙarƙashin gajimare ba ita za ka samu ba, wadda ta fi ta fari za ka samu.

Kallo na biyu a inuwa, ko ranar da hadari ya rufe sama. Sai al'amarin ya juye. Daytona ta rasa abin da za ta mayar, ta koma toka mai duhu irin wadda kake gani a kan motoci da yawa a titi. Nardo kuwa sai ta yi kauri, ta ɗan ja shuɗi, ta yi kamar jiƙaƙƙen siminti. A irin wannan yanayin ne ta fi kyau, kuma ina ganin shi ya sa Turawa suka rungume ta, tunda rabin shekararsu a ƙarƙashin gajimare suke yin ta.

Kallo na uku bayan magariba, ƙarƙashin fitilun titi ko na gidan mai. Daytona takan koma kusan baƙa, fitilu na gudu a jikinta. Nardo takan ari launin fitilar da ke kanta: ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa sai ta yi kamar ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin farar fitila ta dawo hayyacinta.

Kowane kallo ka zagaya motar a hankali, ka tsuguna ka kalle ta daga tsayin fitila, sannan ka tsallaka titi ka kalle ta daga nesa. Bayan haka sai ka tambayi kanka: a wane haske motar za ta fi zama? Wanda ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i motar dare yake saya, ko ya sani ko bai sani ba.

Mataki na huɗu: kalle su da datti

Mota mai tsabta kwana ɗaya take yi. Sauran kwanakin da ƙura take yawo, saboda haka ka nemi ganin kowane launi bayan ya yi kwana uku ko huɗu ba wanki. Filin ajiye motoci na otal ko na babban kanti ya fi shagon dillali amfani a nan.

Ƙurar hunturu fara-fara ce, mai laushi kamar gari. A kan Nardo tana sajewa, sai ka matso kusa za ka lura. A kan Daytona tana kwanciya ta kashe ƙyalƙyalin, motar ta yi kamar an barbaɗa mata toka, ko da yake ba ta kai baƙar mota tona asiri ba. Jar ƙasa kuwa ba ta raga wa kowa, amma ta fi nunawa a gindin ƙofofin Nardo. Haka ma ɗigon kwalta da baƙar ƙurar birki, a kan Nardo suka fi fitowa. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri idan ya bushe a jikin mota yakan bar fararen tabo, su kuma a kan Daytona suka fi muni.

Sai babbar matsala, wadda ba launi ke jawo ta ba amma launi ke fallasa ta. A gidaje da yawa, kafin mai gida ya fito, direba ko mai gadi ya riga ya kakkaɓe motar da busasshen tsumma. Kirki yake nufi. Amma ƙurar nan yashi ce, kuma duk shafa ɗaya tana zana hawan sama na fentin. Bayan watanni, idan rana ta haska sai ka ga zane-zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Launi mai duhu ya fi nuna su. Idan ka san ba za ka iya hana tsumman nan ba, wannan kaɗai ya isa ya tura ka wajen Nardo. Idan za ka iya, ƙa'idar ita ce a fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa jikin, a wanke da sabulun mota ba omo ba, a kuma tsane a inuwa da tawul mai laushi.

Batun zafi ba sai an tsawaita ba. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya a 2011 da Honda Civic biyu, baƙa da mai ruwan azurfa, ya nuna iskar cikin mai ruwan azurfar ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6. To wannan tsakanin baƙi da azurfa ke nan. Tsakanin toka biyu tazarar ba ta kai haka ba, kuma launin kujeru da irin gilashin sun fi tasiri a kan abin da bayanka zai ji.

Mataki na biyar: tuna ranar da za a goge ka

Ko ba jima ko ba daɗe wani zai goge maka bamba. Tambayar ita ce wa zai gyara, kuma yaya gyaran zai fito.

Launi zalla ya fi sauƙin haɗawa. Ƙaramin ƙwarzanen tsakuwa a kan Nardo ana iya ɗiga masa fenti mai lambar daidai ya ɓace wa ido. Daytona ba haka ba. Ko an haɗa launin daidai, yadda ɓarɓashin za su kwanta ya dogara da ƙarfin iskar bindigar fenti, da nisan hannun mai fesawa, da saurin bushewa. Idan suka kwanta daban da na masana'anta, ƙofar za ta yi daidai idan ka tsaya gabanta, amma ka matsa gefe sai ka ga ta fi maƙwabciyarta duhu. Shi ya sa ƙwararren mai fenti ba ya tsayawa a ƙofa ɗaya, sai ya bi da fesawar a hankali zuwa sassan da ke kusa don bambancin ya narke. Aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

Wannan ba ya nufin Nardo ba ta da nata tarkon. Tunda babu ƙyalƙyalin da zai ɗauke hankali, idan aka ɗan karkata wajen haɗi, sassan biyu za su tsaya gefe da gefe, ɗaya na jan shuɗi ɗaya na jan kore, kuma kowa zai gani. Saboda haka kafin ka zaɓa, je wurin mai fentin da kake ganin shi za ka kai wa motar, ka tambaye shi ko da lambar fenti yake haɗawa a kan sikeli ko da ido, ko yana fesa gwaji a kan faranti kafin ya taɓa mota, ko kuma yana da rufaffen ɗakin fesawa. Idan a garinku a fili ake fesawa, iska na kaɗawa, Nardo ta fi yafiya.

Wani gargaɗi: Audi na yin Daytona marar sheƙi, wadda ake oda ta musamman. Tana da kyau ƙwarai. Amma irin wannan fentin ba a goge shi da injin sheƙi, don duk inda aka goge sai ya yi ƙyalli ya bambanta da sauran jikin. Ƙwarzane ɗaya na iya jawo sake fesa sashe guda. Mai son wannan kamannin gara ya sayi mai sheƙin ya sa a lulluɓe ta da ledar kariya marar sheƙi, wadda idan ta lalace sai a ɓare a sake.

Mataki na shida: haɗa da sauran kayan

Nardo na son baƙi. Baƙaƙen wili, baƙin zagayen gilasai, baƙin murfin madubi, sai jajayen maƙallan birki su zama ɗan ado ɗaya tilo. Idan aka bar ta da kayan azurfa takan yi fayau, a nan ne masu tsokana ke tambaya yaushe za a gama fentin, domin ta yi kama da fentin shimfiɗa. Wannan barkwancin za ka ji shi, musamman daga bakin dattawa, sai ka shirya.

Daytona ta fi sauƙin kai. Tana karɓar murfin madubi mai ruwan alminiyam wanda aka san motocin RS da shi, tana karɓar wili mai haske, kuma kujerun fata masu ruwan ƙasa na zama da ita sosai. Idan ka cika mata baƙi, da dare komai zai haɗe ya zama duhu ɗaya, kuɗin da ka kashe kan wilin ya tafi a banza.

Mataki na bakwai: idan ba sabuwa ba ce

Yawancin irin waɗannan motoci da ke shigowa ta Legas ko Kwatano an riga an hau su a Amurka ko Turai, kuma wasunsu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari suka fito. A nan Nardo na buƙatar ido biyu, saboda farin jininta ya sa ana fesa ta ko a manna sitikarta a kan motocin da asalinsu wani launi ne.

Ɗaga shimfiɗar but ka nemi farar takardar bayanan motar da ke manne a wajen ramin taya, akwai irinta kuma a littafin sabis. A jikinta za ka ga lambar fenti. Idan an ce maka Nardo ce amma ba ka ga LY7C ba, mai yiwuwa an sake mata riga. Buɗe ƙofofi ka duba ginshiƙansu, ɗaga bonet ka duba gefe-gefe, ɗaga robar ƙofa kaɗan, don a nan tsohon launi ke ɓoyewa. Sannan ka ari ko ka sayi ɗan na'urar auna kaurin fenti ka bi kowane sashe. Inda lamba ta ninka ta sauran wurare an sake fesawa, inda ta haura ɗaruruwa da yawa akwai ciko a ƙasa. Ka tabbata na'urar na karanta alminiyam, domin bonet da ƙofofin RS 6 da RS 7 ba ƙarfe ba ne. Bamba kuwa roba ce, irin wannan na'urar ba ta karanta ta, sai dai ido. A kan Daytona, haska tocilan ɗin waya a kan mahaɗar sassa biyu ka duba ko ɓarɓashin girmansu ɗaya.

Idan motar da ta fi lafiya da tarihi mai kyau ta zo a launin da ka sa a na biyu, ɗauke ta.

Mataki na takwas: yanke

Kada batun sayarwa nan gaba ya dame ka da yawa. Ruwan toka ba ya kwantai. A Birtaniya tun 2018 shi ne launin da aka fi saya a sababbin motoci, kuma dukan biyun nan suna da masu nema. A kasuwanni da dama ba a ƙara kuɗi a kan Nardo a motocin RS, Daytona kuwa akan ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin motar.

Abin da ya fi dacewa ka auna shi ne shekara nawa za ka riƙe ta. Nardo launin zamaninta ce. A farko alama ce ta RS, ana hango ta daga nesa a san me ke zuwa. Yanzu an kwaikwaye ta a kan ƙananan motoci da akori-kura da babura, har ta fara zama gama-gari, kuma nan gaba duk wanda ya gan ta zai iya faɗin shekarun da aka yi yayinta. Daytona ba ta taɓa yin wannan tashen ba, saboda haka babu inda za ta faɗo.

Ni dai ga inda na tsaya. Motar da za ta kwana a tsakar gida, ta sha hunturu, a hau ta kullum, kuma gyaranta a hannun mai fentin unguwa yake, Nardo zan saya mata, da baƙaƙen kaya. Motar da ke da gareji, mai ita na tsayawa a kan wankinta, kuma yana nufin riƙe ta shekara takwas ko goma, Daytona zan ɗauka, da wili mai haske.

Idan har yanzu zuciyarka ta kasu biyu, faɗa wa kanka ka zaɓi ɗaya, ka kwana uku a kan haka ba tare da ka sake buɗe hoto ba. Idan a kwanakin nan duk lokacin da ɗayar ta wuce ka a titi sai ka waiwaya, to ita kake so.

Ranar sa hannu kuma kada ka yarda da kalmar "toka" a bakin dillali. Audi na da wasu tokar da sunayensu ke rikita mutane, irin su Kemora da Quantum, waɗanda a hoto suna iya kama da Nardo. A takardar oda da wata gajeriyar lamba suke fitowa: Nardo da T3, Daytona da 6Y. Duba da idonka, ka ɗauki hoton shafin, sannan ka biya kafin alƙalami.